Gasar harbi da ƙaramar bindiga: Inda sabon shiga ke zubar da maki, da yadda yake gyarawa

A yawancin wasannin harbi, irin waɗanda ake gani a gasar Olamfik, ɗan wasa yana tsayawa ne wuri guda, ya daidaita numfashinsa, ya auna tsakiyar allo cikin natsuwa. Akwai kuma wani nau'in da ya sha bamban. A cikinsa ɗan wasa yakan zare ƙaramar bindiga daga kube, ya ruga daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya harbi alluna da dama ta taga ko ta gefen shinge, ya sauya gidan harsashi yana cikin tafiya, agogo kuma yana ƙirga masa kowace daƙiƙa. Wannan shi ne wasan da ƙungiyar IPSC take kula da shi a ƙasashe da yankuna fiye da 100.

Kusan duk wanda ya shiga wasan yakan fara ne da zato guda: gwanaye sun fi shi saboda yatsansu ya fi nasa saurin danna kunama. Sai ya duƙufa wajen gaggawar harbi, harsasansa su riƙa kauce wa allo, makinsa ya riƙa ja da baya duk da kuɗin da yake kashewa. Tsarin lissafin makin wasan yana nuna masa wata hanya dabam, kuma wanda ya fahimci lissafin tun da wuri ya rage wa kansa wahalar shekaru.

Asalin wasan

Wasan ya samo tushe a shekarun 1950 a garin Big Bear Lake da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake shirya gasar saurin zare bindiga irin ta finafinan kaboyi. Yawancin masu shiga suna harbi ne da hannu ɗaya daga kwankwaso, ba tare da sun ɗaga bindigar zuwa ido ba. Sai wani jami'in 'yan sandan gundumar Los Angeles mai suna Jack Weaver ya fara riƙe bindigarsa da hannu biyu, yana ɗaga ta daidai idonsa kafin ya harba. Hakan yana ƙara masa ɗan jinkiri, amma yana samun abin da ya auna alhali abokan karawarsa suna kuskure. Nasarar da ya samu a ƙarshen shekarun 1950 ta sauya yadda ake riƙe ƙaramar bindiga har zuwa yau.

An gudanar da gasar duniya ta farko a birnin Zurich a 1975, Ray Chapman na Amurka ya lashe ta. A watan Mayun 1976 wakilai daga ƙasashe daban-daban suka taru a garin Columbia na jihar Missouri suka kafa IPSC, suka naɗa Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka, shugabanta na farko. Taken ƙungiyar kalmomi uku ne na harshen Latin da ke nufin dacewa da saiti, da ƙarfi, da sauri. A 1984 aka kafa USPSA, wadda ke wakiltar wasan a Amurka. Wasan ya bazu zuwa Turai, Afirka ta Kudu, Brazil da Filifin, inda a 1999 Eric Grauffel na Faransa ya ci kambinsa na duniya na farko, kafin ya sake cin sa sau da dama.

Lissafin da ke koyar da komai

Ana raba gasa zango-zango. A dokar IPSC, gajeren zango ba ya buƙatar harsasai fiye da 12, matsakaici 24, dogo kuma 32. Allon takarda yana da yankuna uku. Na tsakiya, wanda ake kira A, maki 5 ne. Na kewayensa, C, maki 3 ne ga mai amfani da harsashi mai sauƙin ƙarfi, 4 ga mai harsashi mai ƙarfi. Na gefe, D, maki 1 ne ko 2. Galibi harsasai biyu mafiya kyau ake ƙirgawa a kowane allo. Faifan ƙarfe kuwa maki 5 ne, amma sai ya faɗi. Duk harsashin da ya kamata a gani a allo ba a gan shi ba, ana cire maki 10. Haka ma wanda ya sami allon da aka hana harbi.

Daga nan sai a raba makin da ɗan wasa ya samu da yawan daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Abin da ya fito shi ne sakamakonsa, wato makin da yake tarawa a kowace daƙiƙa. Wanda ya fi kowa a zangon yakan kwashe cikakken makinsa, saura kuma a ba su gwargwadon kusancinsu da shi.

A ƙaddara zango mai harsasai 12, wato maki 60. Ɗan wasa na farko ya sanya duka a tsakiya cikin daƙiƙa 15, sakamakonsa 4. Na biyu ya sami A tara da C uku, maki 54, cikin daƙiƙa 10, sakamakonsa 5.4. Na uku ya gama cikin daƙiƙa 9 da A takwas da C biyu, amma harsasai biyu sun kauce wa allo gaba ɗaya. Makinsa 46, a cire 20, saura 26, sakamakonsa bai kai 3 ba. Wanda ya fi kowa sauri shi ne na ƙarshe, wanda ya fi kowa tsanaki kuma bai zo na ɗaya ba.

Akwai wani darasi a cikin wannan lissafi. Kuskure ɗaya yana cin maki 15, wato 5 da ba a samu ba da 10 na tara. A zangon da ɗan wasa ke tara maki 5 a daƙiƙa, wannan daidai yake da tsayawa cak na daƙiƙa uku. Harsashin da ya faɗa C maimakon A kuwa maki 2 kacal ya ci, ƙasa da rabin daƙiƙa. Saboda haka maimaita harbi domin cike gurbin kuskure riba ce, amma tsayawa gyara kowane C yawanci asara ce. Sabon shiga kan yi akasin haka: ya ɓata lokaci a allon da ke gabansa, sannan ya yi garaje a mai nisa.

Dokar da ke gaban kowace dabara

Kafin maganar sauri akwai dokokin kiyaye rai, kuma alƙalan fili ba sa sassauci a kansu. Bindiga tana zama ba harsashi a cikin kube har sai alƙali ya ba da umarnin a ɗura. Bakinta ba zai juya ya wuce kusurwar da aka ƙayyade ba, wadda galibi digiri 90 ce zuwa dama ko hagu daga fuskar alluna. Ba za ta auni wani sashe na jikin mai ita ba. Yatsa yana fita daga zoben kunama yayin ɗurawa, sauya gidan harsashi, gyaran cijewar bindiga, ko gudu daga wuri zuwa wuri. A keɓantaccen wurin da aka yarda a taɓa bindiga, an haramta taɓa harsashi. Wanda ya karya irin waɗannan dokoki akan kore shi daga gasar baki ɗaya, ko da shi ke kan gaba.

Shi ya sa masu horarwa ke faɗa wa sabon shiga cewa burinsa a gasarsa ta farko shi ne ya gama kowane zango ba tare da an tsayar da shi ba. Wuraren da aka fi samun matsala sanannu ne: lokacin da mai amfani da hannun dama ke sauya gidan harsashi yana tafiya hagu, lokacin ja da baya, da lokacin buɗe ƙofa da hannun da ka iya gittawa ta gaban bindiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya saba da fitar da yatsa tun a makon farko ba ya buƙatar tunatarwa a ranar da zuciya ke bugawa.

Riƙo da kunama

Duk lokacin da harsashi ya fita, bindiga takan zabura, bakinta ya yi sama. Babu mai iya hana wannan. Abin da ake nema shi ne ta riƙa komawa inda ta taso a kowane karo. Wannan aikin riƙo ne. Hannun harbi yana hawa can sama a mariƙi, kusa da layin bututu gwargwadon iko. Ɗaya hannun yana cike sauran sararin mariƙin, manyan yatsu biyu suna fuskantar gaba, wuyan hannu a ƙage. Tun shekarun 1980, lokacin da Rob Leatham da Brian Enos suka mamaye gasanni a Amurka, yawancin 'yan wasa suka koma fuskantar allo da ƙirji, hannuwa a miƙe daidai wa daida, nauyin jiki ya ɗan rinjaya gaba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne matse mariƙi da hannun harbi fiye da kima. Yatsun hannu suna aiki tare, don haka idan manuniya ta danna kunama da ƙarfi, sauran sukan matse su ma, su ture bakin bindiga. Ga mai hannun dama, sakamakon yakan bayyana a ƙasan allo ta gefen hagu. Sau da yawa sabon shiga yakan ɗora laifin kan saitin bindigar. Maganin shi ne hannun taimako ya ɗauki mafi yawan matsin, hannun harbi ya riƙe da ƙarfin da zai bar manuniya ta motsa ita kaɗai, ta ja kunama kai-tsaye zuwa baya.

Matsala ta biyu ita ce razana. Jiki yana jiran ƙara da zabura, sai ya tura bindigar ƙasa kafin harsashi ya fita, ido kuma ya ƙifta. Mai yin hakan ba ya sani, domin zaburar tana ɓoye motsin. Tsohuwar hanyar gano shi ita ce abokin atisaye ya cakuɗa harsasan bogi da na gaske a gidan harsashi. Idan aka zo kan na bogi, bindiga ba ta tashi ba amma bakinta ya duƙa, to an kama ɓarawon. Haɗa toshiyar kunne da murfin kunne yana rage firgitar, musamman a filin da ke cikin gini.

Ido ne jagora

Abin da ya fi raba gwani da sabon shiga shi ne sanin inda harsashi ya tafi tun kafin a duba allo. Ƙaramar bindiga tana da ɗan tsini a bakinta da tsaga a bayanta, wasu kuma an ɗora musu gilashi mai nuna jan ɗigo. A daidai lokacin da harsashi ya fita, tsinin ko ɗigon yakan ɗaga daga wani wuri a jikin allo. Wurin da ya ɗaga daga gare shi, nan harsashin ya sauka. Wanda idonsa ke buɗe yana ganin wannan, ya san nan take ko ya dace ko ya kauce, ya ƙara harbi idan da buƙata, ya wuce idan babu.

Wanda bai koyi wannan ba yana da zaɓi biyu, duka marasa daɗi. Ko dai ya sauke bindiga ya leƙa ramukan allo, agogo na tafiya, ko ya wuce da fatan alheri, sai wajen ƙirga maki ya ji labari. Hanyar koyo mai sauƙi ce. A kafa allo a nesa inda ido ba ya hango rami, a yi harbi ɗaya, a zana a takarda inda ake jin ya sauka, sannan a je a gwada. Idan zane da rami suka fara dacewa, ido ya fara aiki.

Daga nan sai sanin yawan tabbacin da kowane allo ke buƙata. Babban allo a mita uku ba ya buƙatar a jira saiti ya tsaya cak. Ƙaramin faifan ƙarfe a mita 20, ko allon da aka rufe rabinsa da wanda aka hana harbi, yana buƙatar saiti tsayayye da jan kunama a hankali. Littafin da Brian Enos ya wallafa a 1990 kan wannan wasa ya ba wa batun gani muhimmanci sosai, kuma har yau masu horarwa suna komawa gare shi. Ɗan wasan da ke harbin kowane allo da sauri iri ɗaya yana asara ta fuska biyu.

Inda lokaci ke zubewa

A ƙaddara dogon zango mai alluna 16, harbi biyu-biyu. Tsakanin harbi na farko da na biyu a kowane allo akwai tazara, wato tazara 16. Idan sabon shiga yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na daƙiƙa, gwani kuma kashi 18, bambancin duka bai kai daƙiƙa biyu ba. Amma a irin wannan zango gwani kan iya riga sabon shiga gamawa da ninkin wannan sau da yawa. Sauran lokacin yana tafiya ne a wuraren da ba a harbi.

Na farko shi ne sauyawa daga allo zuwa allo. Gwani yana tura idonsa zuwa takamaiman wuri a allo na gaba da zarar ya ga harbinsa na ƙarshe ya tafi, bindiga ta biyo ta tsaya inda ido yake. Sabon shiga yana tafiyar da ido da bindiga tare, sai ya zarce allon ya dawo. Na biyu shi ne barin wuri: mutum ya gama harbi, ya tsaya, ya sauke hannu, ya tuna inda za shi, sannan ya taka. Na uku shi ne isowa. Gwani yana rage gudu da gajerun taku kafin ya iso, bindiga ta riga ta hau ido, harbi ya fita da zarar allo ya bayyana. Na huɗu shi ne sauya gidan harsashi a tsaye, alhali ana iya yin sa yayin tafiya, inda ba ya cin ƙarin lokaci.

Duk waɗannan ba sa taɓa ingancin saiti. Wanda ya rage rabin daƙiƙa a kowane wuri cikin wurare biyar ya sami fiye da abin da saurin yatsa zai ba shi, bai kuma zubar da maki ko ɗaya ba.

Atisaye ba harsashi

Harsashi yana da tsada, fili kuma ba kullum ake samunsa ba. Saboda haka manyan 'yan wasa suna yin kaso mai yawa na horonsu a gida da bindigar da babu komai a cikinta. Sharuɗɗan ba sa canzawa: a duba bindiga sau biyu, a fitar da duk harsashi daga ɗakin, a fuskanci bangon da babu kowa a bayansa, idan an ce an gama kuma an gama. Ana manna ƙananan alluna a bango, a saita agogo ya yi ƙara sau biyu, ta farawa da ta cikar wa'adi. Zare bindiga, sauya gidan harsashi, sauya allo, shiga wuri da fita, duka ana iya koyon su a haka. Minti 15 a kullum ya fi awa uku sau ɗaya a wata.

Haɗarin wannan atisaye shi ne yaudarar kai. Tunda babu ramin da zai tona asiri, mutum na iya riƙe bindiga sako-sako, ya yi sauri ba tare da ya ga saiti ba, ya ɗauka ya ƙware. Sai ya riƙe ta da ƙarfin da zai riƙe ta a fili, ya kuma gaya wa kansa gaskiyar abin da idonsa ya gani. Harbin gaske a ƙarshen mako shi ne jarabawar abin da aka koya.

Labarin Tatsuya Sakai ya nuna nisan da irin wannan horo ke kai mutum. A Japan doka ba ta bar farar hula su mallaki ƙaramar bindiga mai harsashi ba, don haka ya yi yawancin horonsa da bindigar iska mai harba ƙwayoyin roba. A 2004 ya je Amurka ya lashe gasar Steel Challenge ta saurin harbin faifan ƙarfe, da bindigar gaske. IPSC ma tana da rukunin bindigar iska, wanda aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Hong Kong a 2018. Wannan yana da muhimmanci ga ƙasashe masu tsauraran dokoki. A Nijeriya, alal misali, Dokar Makamai ta sanya ƙananan bindigogi cikin jerin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa.

Awo da shiri

Agogon wasan yana jin ƙarar kowane harbi ya rubuta lokacinsa, don haka babu buƙatar kintace. Akwai gwaje-gwaje biyu da suka shahara. A na farko, wanda ake kira Bill Drill, ana zare bindiga a harbi allo ɗaya sau shida daga yadi bakwai, duka a tsakiya. Gwanaye suna neman daƙiƙa biyu. Yana tona asirin riƙo, domin hannu mai rauni yana warwatsa harsasai tun daga na uku. Na biyu shi ne El Presidente, wanda Jeff Cooper ya yaɗa: alluna uku a yadi goma, ɗan wasa ya ba su baya, ya juyo, ya zare, ya harbi kowanne sau biyu, ya sauya gidan harsashi, ya maimaita. Harsasai 12 ne, kuma sun haɗa kusan duk abin da wasan ke buƙata.

USPSA tana da matakan ƙwarewa da ke auna ɗan wasa da sakamakon manya. Ƙasa da kashi 40 cikin 100 mataki na D ne, C yana farawa daga 40, B daga 60, A daga 75, Master daga 85, Grand Master daga 95. Littafin rubuta lokuta da bidiyon waya suna nuna wa mutum wane sashe ne ke riƙe shi a matakin da yake.

A ranar gasa kuwa, ana ba kowace tawaga 'yan mintuna ta zaga zango. Sabon shiga yana buƙatar shiri mai sauƙi: ya gano kowane allo, ya ƙirga harsasai, ya san inda zai sauya gidan harsashi, sannan ya rufe ido ya maimaita tsarin a zuciyarsa har ya zauna. Allon da aka manta shi ne asara mafi girma, domin ana ƙirga kuskure biyu, a ƙara da tarar rashin harbinsa. Sauya shiri a minti na ƙarshe saboda an ga wani gwani ya bi wata hanya shi ne ke yawan jawo wannan mantuwa.

Haka ma sayen sabuwar bindiga ba ya gyara hannun da ke ture saiti. Bindiga mai aiki ba cijewa, kube mai rufe kunama, gidajen harsashi huɗu ko biyar, tabarau da kariyar kunne sun isa shekarar farko. Idan ƙararrawa ta buga, ɗan wasa yana harbi ne da saurin da idonsa ke iya tabbatarwa a ranar. Ƙoƙarin ƙara sauri aikin ranakun atisaye ne, inda kuskure ba ya cin maki 15.